Zomo A Tukunyar Salla

 Abin da zan yi magana a kansa ƙarami ne a ido, watau cin naman zomo da kuma ba yara shi ranar Salla. Amma ni ya hana ni barci, har ya kusa ɓata tsakanina da ƙanwata. Don haka na ga ya kamata in rubuta abin da na gani da abin da na koya, ko Allah ya sa wani ya amfana.

Ni mutumin nan ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi ne. A wajenmu babu wanda bai san zomo ba. Da an kawar da amfanin gona, rani ya kama, samari kan fita farauta da karnuka da gora, da yamma su komo rataye da zomaye, ko da yake rashin kwanciyar hankali ya rage shiga daji a 'yan shekarun nan. Daga wannan farauta Hausawa suka samo karin maganar da ke cewa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Na sha cin naman tun ina ƙarami, ban taɓa jin kome a raina ba sai daɗi.

Sai da na shiga sakandare malaminmu na aikin gona ya nuna mana cewa zomon daji da zomon gida ba iri ɗaya ba ne, suna ne kawai ya haɗa su. Zomon daji ya fi dogayen ƙafafu da kunnuwa, ba ya haƙa rami, a gindin ciyawa yake kwana. 'Ya'yansa da gashinsu ake haihuwarsu, idonsu a buɗe, namansa kuma ja ne. Shi kuwa zomon gida asalinsa daga ƙasashen Sifen da Fotugal da kudancin Faransa yake. Yana haƙa rami, 'ya'yansa tsirara suke zuwa, ba sa buɗe ido sai bayan kamar kwana 10, namansa fari ne kamar na kaza. Zomanya takan yi ciki na kimanin kwana 31, ta haifi 'ya'ya 5 zuwa 8, wani lokaci ma fiye. Cikin wata 3 zuwa 4 ɗan ya isa yanka. Abincinsa ba ya kai mutum kasuwa, don harawar wake da ta gyaɗa, da dusa, da ganyen dankali da na zogale sun ishe shi. Babban abokin gabarsa zafi ne, saboda haka a inuwa ake ajiye kejinsa. Namansa yana da abin gina jiki wajen kashi 20 cikin 100, ga ƙarancin kitse. Malam ya ce saboda irin wannan amfani ne Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, kusa da Zariya, take nazarin kiwon zomo tare da na shanu da tumaki da kaji.

Wannan darasi ya shige ni ƙwarai. Da damina ta 2024 na yi ƙodago a gonakin mutane, na tara 'yan kuɗi, na sayo zomaye biyu, mace da namiji, a kasuwar Dutsin-Ma. Kafin hunturu ya wuce sun zama 13. A cikinsu akwai wani fari tas mai baƙin kunne ɗaya, wanda autarmu, yarinya 'yar shekara 6, ta ɗauka ta sa a ranta. Ita ta raɗa masa suna Baƙin Kunne. Kome ta samu sai ta raba da shi, ko ɓawon kankana ne ko guntun karas. Da haka ya fi sauran ƙiba.

To, a cikin hunturun nan ciwon kaji ya shigo gari, ya share mana akurki, ko ɗan tsako bai bari ba. Ƙaramar Salla ta zo a ƙarshen watan Maris na 2025, Baba kuwa ba shi da halin shiga watanda a wannan shekara. Ran jajibere ya kira ni ya ce, "Ka zaɓo mana uku daga cikin mazan zomayen nan, kada yara su wayi gari tukunya ba nama." Na shiga na duba, na kamo waɗanda suka fi girma. Baƙin Kunne yana ciki. Na san na wane ne, amma na ce a raina ai yarinya ce, gobe ta manta.

Gwaggo ce ta kawo shawara. Ta ce, "Ku yanka yanzu da yake yaran sun tafi kitso da ƙunshi. Gobe in sun tambaya a ce musu kaza ce. Wa zai tsaya bambance farin nama a cikin miya?" Na yarda. Baba ya yanka, ni na feɗe, Inna ta soya da man gyaɗa.

Da aka sauko daga Idi aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, muka zauna. Autarmu ta juya naman da ke gabanta, ta dube ni ta ce, "Yaya, ina fiffikena?" Don a gidanmu kullum aka yanka kaza fiffike rabonta ne. Na ce mata an kai wa baƙi. Ta ci, har ta nemi ƙari. Ni kuwa loma ta ƙi wucewa a maƙogwarona. Naman da na saba ci da murna in na daji ne, yau ga shi a gabana, amma ina ganinsa sai in tuna yadda yakan tashi tsaye a bakin keji in ya ji motsina da harawa.

Bayan la'asar ta komo daga yawon Salla da ganyen latas a hannu, ta nufi keji. Ba ta gan shi ba. Na ce mata ya gudu, watau ƙarya ta haifi 'yar'uwarta. Ta zaga bayan rumbu tana kiransa, sai ta yi kiciɓis da fatun da na shanya, ga baƙin kunnen nan a jikin ɗaya. Ta daɗe a tsaye. Sa'an nan ta juyo ta ce, "Yaya, ashe ƙarya kake yi mini?" Ba ta tambayi wanda ya yanka ba. A ranar na gane ma'anar maganar nan ta Hausawa, wai zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Ba ta yi fushi da Baba ba, da ni ta yi. Ta yi makonni ba ta taɓa nama. In an sa a miya sai ta je ta tambayi Inna ko na mene ne, ko da ina zaune kusa da ita.

Abin ya dame ni, har na soma shakkar ko cin zomon gida ya halatta, tun da Kaka ma ba ta ci, ta ce in an feɗe shi kama yake mata da kyanwa. Na tafi wurin malamin da ke ba mu karatu a zaure, na ce, "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin cin zomo?" Ya ce halal ne a mazhabarmu ta Malikiyya da sauran mazhabobi uku na Sunna, na daji da na gida duka. Ya kawo hadisin Anas ɗan Malik da ke cikin Buhari da Muslim, cewa sun kama zomo a wani wuri da ake kira Marruz Zahran kusa da Makka, Abu Ɗalha ya yanka, ya aika wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da cinyoyin, ya kuwa karɓa. Game da Kaka kuma ya ce ba ta yi laifi ba. An taɓa kawo wa Manzon Allah naman damo bai ci ba, don ba abincin ƙasarsu ba ne, ransa bai so ba, amma bai haramta ba, Halidu ɗan Walid ya ci a gabansa. Ashe abu yana iya zama halal, rai kuma ya ƙi shi, ba a tilasta wa kowa. Da na ba shi labarin autarmu sai ya girgiza kai ya ce, "Yankan ba laifi. Ƙaryar ce laifi, ko da ga yaro ƙarami aka yi ta."

Daga baya na karanta cewa ba mu kaɗai ne wannan abu yake raba wa hankali ba. A Masar ana dafa zomo cikin miyar lalo, abinci ne na alfarma. A Italiya da Faransa da Sifen ana sayar da namansa a kasuwa kamar na kaza, Sin kuwa ta fi kowace ƙasa samar da shi. A Ingila da Amurka mutane da yawa suna ajiye shi a ɗaka kamar kyanwa, jin an ce za a ci shi ma tayar musu da hankali yake yi. Amma a Ingilar nan, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, da nama ya yi wuya, gwamnati ce da kanta ta riƙa kiran jama'a su yi kiwon zomo a bayan gida don ci. Dabbar ɗaya ce ko'ina. Abin da ya bambanta shi ne matsayin da aka ba ta tun farko, da irin sabon da aka yi da ita. Sabo kuwa shi ake yi wa kuka.

Babbar Salla ta zo a watan Yuni na 2025, Baba bai sami ikon sayen rago ba. Ƙanena ya ce to a yi layya da zomo mana. Baba ya yi dariya ya ce layya ba ta yiwuwa sai da tumaki ko awaki ko shanu ko raƙuma, wanda ba shi da hali kuwa ba a ɗora masa ba. Amma tun da naman maƙwabta sai washegari yake shigowa, za a yanka zomaye biyu don miyar ranar. Wannan karo tun saura kwana 3 ya tara yara ya gaya musu gaskiya. Ya ce wa autarmu ta zaɓi ɗaya ya zama nata, ya yi mata alkawari wuƙa ba za ta taɓa shi ba. Ni kuma na durƙusa a gabanta na ce, "Auta, na yi miki ƙarya, ki yafe mini." Ranar Salla ƙannena maza biyu suka ci suna santi. Ita ba ta ci ba, Inna ta zuba mata miya ba nama, ba wanda ya ce mata uffan. Washegari da aka shigo da kwano daga maƙwabta, sai ta ɗauko tsoka ta nufo ni ta ce, "Yaya, wannan na mene ne?" Na ce na rago ne. Ta sa a baki ba ta je ta tambayi Inna ba.

Saboda haka ga 'yar shawarata ga iyayenmu da 'yan'uwana masu sha'awar wannan kiwo. Da fari, tun ran da zomo ya shigo gida a gaya wa yara cewa don ci da sayarwa ake kiwonsa, kamar kaza da akuya. In yaro ya shaƙu da ɗaya har ya sa masa suna, a bar masa shi, tun da haihuwarsu ba ta da wuya. Na biyu, kada a ce wa yaro kaza ce alhali zomo ne. Yaron da aka ruɗa a kan abin da ke cikin kwanonsa zai yi shakkar sauran maganar da aka faɗa masa. Na uku, wanda ya ce ba ya ci a ƙyale shi, kada a yi masa dariya ko gori. Na huɗu, a kyautata wa dabbar: kada a ɗaga ta da kunne, a wasa wuƙa sosai, kada a yanka ɗaya a gaban 'yan'uwanta, kada kuma a tilasta wa ƙaramin yaro kallo. Na biyar, ƙasusuwan zomo ƙanana ne masu tsini, sai a zare su kafin a ba yara, a kuma dafa shi cikin miya, don gashi yakan busar da shi saboda rashin kitse.

Har yanzu ina kiwon zomo, ina kuma cin namansa, sai dai ban ƙara sa hannu cikin keji in kamo wani ba tare da na tambayi mutanen gida ko akwai mai shi ba. Allah ya hore wa iyayenmu abin da za su ciyar da mu na halal, ya kuma sa mu zama masu gaskiya ga manya da yara, amin.