Wasiƙa Ga Matasan Ikilisiya: Wa Ke Iya Yi Muku Gyara?

'Ya'yana,



Da masu ƙwazo a cikinku nake magana: 'yan kwaya, masu kaɗa jita da ganga, shugabannin zumuntar matasa, da waɗanda fasto ya fara ba su damar wa'azi a sujadar tsakiyar mako. Girman kai bai cika wahalar da kansa a kan rago ba. Wanda aikinsa ke kyau, ana tafa masa, shi yake bi har cikin majami'a.

Ku buɗe Littafin Tarihi na Biyu, sura 26, ku karanta labarin Sarki Uzziya. Yana da shekara 16 aka naɗa shi sarkin Yahuza, sa'an wasunku ke nan, ya kuma yi shekara 52 a kan gadon sarauta. Da fari yana da mai koya masa tsoron Allah, wani Zakariya, kuma yana jin maganarsa. Ya ci Filistiyawa da yaƙi, ya gina hasumiyoyi a Urushalima, ya haƙa rijiyoyi saboda garkunansa, ga shi da son noma. Mayaƙansa sun kai 307,500. Da ƙarfi ya samu, sai ya ga ba abin da ya fi ƙarfinsa. Ya ɗauki kaskon turare ya shiga Haikali zai ƙona a bagade, aikin da aka keɓe wa firistoci zuriyar Haruna. Azariya firist ya bi shi ciki tare da firistoci 80, suka ce masa wannan ba hurumin sarki ba ne, ya fita.

A nan nake so ku tsaya. Lokacin da aka yi masa maganar, goshinsa lafiya lau yake. Da ya ajiye kaskon ya juya, watakila da labarin ya ƙare a tsawatawa. Sai ya husata, yana huci da kasko a hannu, nan take kuturta ta fito masa a goshi a gaban firistocin. A keɓaɓɓen gida ya ƙarasa kwanakinsa, ɗansa Yotam na riƙe da fada. Ku lura kuma, ba a wurin shaye-shaye ya faɗi ba. Ibada ya shiga yi.

Mun sha ganin ƙanen wannan hali. Ranar Asabar da yamma ana gwajin waƙa, wata tsohuwa daga Zumuntar Mata ta dogara sanda ta matso, ta ce, "Ɗana, a rage ƙarar na'urar nan, ba ma jin kalmomin waƙar." Mai kiɗa ya yi murmushin da bai kai ciki ba, ya naɗe wayarsa. Ranar Lahadi ba a gan shi ba, wai yana so a gane ko sujada za ta yi armashi ba shi. Wani kuma ya dawo daga jami'a, an ba shi wa'azi a sujadar Hausa, rabin maganarsa Turanci, kakarsa na zaune a benci na gaba tana gyaɗa kai ba ta tsinci komai ba. Dattijo ya ja shi gefe, sai ya ce hassada ake yi wa shafewarsa. Hausawa dai sun riga sun raɗa wa girman kai suna, rawanin tsiya.

Akwai wani kuturu kuma a Littafin Sarakuna na Biyu, sura 5, Na'aman, sarkin yaƙin Suriya. Shi ma ba ƙaramin mai ji da kai ba ne. Ya zo ƙofar Elisha da dawakai da karusai, da azurfa da zinariya da riguna goma. Annabin ko leƙowa bai yi ba, saƙo ya aika: ya je ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun. Na'aman ya juya a fusace, yana cewa kogunan Dimashƙu, Abana da Farfar, sun fi wannan ruwa. Barorinsa ne suka lallaɓa shi, tun farko ma wata yarinya baiwa ce ta nuna hanyar. Ya saurari na ƙasa da shi, ya tuɓe, ya shiga ruwan, ya fito da fata sumul. Fushi ɗaya suka yi da Uzziya, amma shi Na'aman akwai waɗanda suka isa su yi masa magana ya ji.

Kada ku ɗauka tawali'u shi ne durƙusawa da sunkuyar da kai. Akwai mai tsugunawa har ƙasa ya gai da dattijo, a ransa yana ce masa tsohon banza. Akwai kuma wadda Allah ya ba murya, in an ce ta rera sai ta ce "ai ni ba kowa ba ce," tana jira a roƙe ta sau uku. Wannan ma neman yabo ne. In kana da baiwa, yi aiki da ita iyakar ƙarfinka. In an yaba, ka gode wa Allah ka wuce. Yesu ya san sarai ko shi wane ne a daren da ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun almajiransa, har da na Yahuza Iskariyoti.

Mu manya ma ba mu tsira ba. Kujerar dattijo a majalisar ikilisiya ta kumbura kawuna da yawa, kuma ba kowane gyara da muke yi muku ne daidai ba. In an yi muku wanda ba ku yarda da shi ba, ku kwana da shi tukuna, ku yi addu'a, sannan ku dawo ku faɗi uzurinku cikin ladabi.

Kowannenku ya nemi mutum ɗaya, ba abokin da ke zuga shi ba, ya ba shi izinin faɗa masa gaskiya ko da ɗaci. Bayan sujadar Lahadi mai zuwa kuma, shugabannin matasa su tsaya a tattara kujeru a share majami'a tare da yaran makarantar Lahadi.

Ku gai da mutanen gida.

Naku cikin Almasihu,
Babanku a ikilisiya