Koyon Gyaran Mota a Kwaleji: Darasi Daga Lambar P0171

A ƙasar Amurka akwai makarantun gaba da sakandare da ake kira kwalejojin al'umma, saboda mutanen yankin da aka kafa su suke yi wa hidima, kuma kuɗin karatunsu bai kai na jami'a ba. Mafi daɗewa daga cikin na gwamnati ita ce ta garin Joliyet a jihar Ilinoi, wadda aka buɗe a 1901. Shekara biyu ake yi a irin waɗannan kwalejoji, kuma da yawa daga cikinsu suna koyar da kanikancin mota. Ɗalibi yakan raba lokacinsa tsakanin aji da garejin makaranta, inda zai koyi aikin inji, da giya, da birki, da sitiyari, da lantarkin mota. Bayan haka akwai jarrabawar hukumar ASE, wadda aka kafa a 1972 don tantance makanikai. Ba ta ba da shaidar ƙwarewa sai mutum ya haɗa da gogewa a wurin aiki, kuma duk bayan shekara 5 sai ya sabunta shaidar.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai sifana cikin aji, alhali ga yara nan suna koyon sana'ar a hannun iyayen gidansu? Amsar ita ce motar ce ta sauya.

Injin fetur yana aiki ne ta hanyar ƙona cakuɗen iska da mai a cikin silinda. Domin man ya ƙone sarai, ana bukatar kimanin giram 14.7 na iska ga kowane giram 1 na fetur. A tsofaffin motoci kafireta ce ke yin wannan haɗi, kuma gwanin bakanike da kunnensa yake daidaita ta. A motocin zamani kuwa kwamfuta ce ke yi. Akwai na'urar da ke auna iskar da ke shiga injin, akwai wata a jikin salansa da ke sansano yawan iskar oksijin da ta rage a cikin hayaƙi. Da waɗannan bayanai ne kwamfutar ke yanke shawarar yawan man da nozul zai fesa, tana ƙarawa tana ragewa ba tsayawa. Tun daga motocin shekarar 1996, doka ta wajabta wa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta kasance da tsarin OBD-II, wato wani soket mai ƙofofi 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike don karanta abin da kwamfutar ta gani.

Alal misali, a ce an kawo mota garejin kwaleji fitilar gargaɗi tana kunne, kuma injin yana karkarwa idan motar tana tsaye. Ɗalibi ya jona na'ura, sai ta nuna P0171. Harafin P yana nufin matsalar ta shafi inji ko giya, sifirin da ke biye yana nuna lambar ta gama-gari ce ga dukkan kamfanoni, 1 kuwa ɓangaren awon mai da iska ke nan. Ma'anar lambar gaba ɗaya ita ce iska ta yi wa mai yawa.

A nan ne mai gaggawa yake yin kuskure. Da yake na'urar oksijin ce ta kai ƙarar, sai ya cire ta ya sa sabuwa, mai mota ya biya, bayan kwana biyu fitila ta dawo. An hukunta ɗan saƙo ke nan, an bar mai laifi. Abin lura shi ne lambar ba ta faɗi abin da ya lalace ba, alama kawai ta faɗa. Iska tana iya rinjayar mai saboda tiyo ya tsage yana zuƙo iskar da ba a auna ba, ko famfon mai ya raunana, ko nozul ya toshe, ko kuma ƙura ta rufe na'urar awon iska.

To, yaya za a bambance? Malami zai sa ɗalibi ya dubi adadin man da kwamfutar ke ƙarawa don cike giɓin. Idan ƙarin yana da yawa lokacin da injin ke tafiya a hankali, amma ya ragu da aka taka totur, to zargi ya faɗa kan ɓular iska, domin ɗan abin da ɓula ke shigarwa ba ya tasiri idan iska mai yawa tana wucewa ta hanyarta. Idan kuwa ƙarin yana hauhawa ne yayin da injin ke ɗaukar nauyi, to mai ne ba ya isowa, sai a auna ƙarfin famfo. Wannan ba wani abu ba ne illa hanyar kimiyya da ake koyarwa a sakandare: a lura, a yi hasashe, a gwada, sannan a yanke hukunci.

Darasin bai tsaya a Amurka ba, domin ɗimbin motocin da aka yi amfani da su a can suna ƙarewa ne a titunan Nijeriya, da kwamfutarsu da soket ɗinsu. Kwalejojin fasaha na Nijeriya ma suna koyar da kanikancin mota, kuma hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, tana shirya wa ɗalibansu jarrabawa a kai. Sai dai akwai al'adun gareji da ke cin karo da yadda waɗannan motoci ke aiki. Sananniya daga ciki ita ce cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tsare ruwa daga zuwa lagireto har sai injin ya ɗumama, bisa hujjar wai don ƙasashen sanyi aka yi shi. Injin da aka cire wa shi yakan daɗe bai kai zafin da aka tsara masa ba, wanda yake wajen digiri 90 a ma'aunin Selshiyos. Ita kuwa kwamfuta, muddin tana ganin injin da sanyi, mai za ta riƙa ƙarawa. Sai fulogi ya yi baƙi, fetur ya riƙa saurin ƙarewa, mai motar kuma yana ta zargin gidan mai.