JUNA BIYU: Me Mabiya Buda Ke Cewa Game Da Farkon Ran Ɗan Adam?

Gabatarwa

A nan Katsina, in mace ta ɗauki ciki, kunya ba ta barinmu mu faɗa kai tsaye. Sai mu ce tana da juna biyu. Ku lura da wannan magana, ɗalibai. Tun ba a ga jariri ba, tun ba a raɗa masa suna ran bakwai ba, bakin Bahaushe ya riga ya ƙidaya mutum biyu. To, yaushe ne na biyun yake zama mutum? Tun da matambayi ba ya ɓata, bari mu ji amsar wasu mutane na nesa, wato mabiya addinin Buda.

Koyarwar Buda

An haifi Siddata Gotama, wanda ake kira Buda, a Lumbini cikin ƙasar Nefal ta yau, wajen shekara 500 kafin haihuwar Almasihu. Ya bar wa mabiyansa dokoki 5, ta farkonsu kuwa ita ce kada a kashe mai rai.

Littattafansu na harshen Pali sun ce ciki ba ya shiga sai abu 3 sun haɗu: saduwar uwa da uba, lokacin da mace za ta iya ɗaukar ciki, da kuma zuwan wanda za a haifa. Na ukun nan ne ya bambanta su da mu. Sun gaskata cewa wanda ya mutu yakan komo duniya sau da yawa bisa ga ayyukansa, kamar wutar da ake kunnawa daga wannan fitila zuwa waccan. Kada ku rikita wannan da sabuwar haihuwa wadda Yesu ya faɗa wa Nikodimu. Ya fi kama da camfin wabi da muke ji wurin tsofaffi.

A ganinsu, da zarar ukun nan sun haɗu, mutum ya samu. Matakin farko na tayi suna ce da shi kalala, malamansu kuma suka kwatanta ƙanƙantarsa da ɗigon mai a bakin gashi. Duk da haka, dokar masu zuhudunsu ta ce wanda ya ba mace maganin zubar da ciki, cikin kuwa ya zube, ya kashe mutum. Hukuncinsa kora ce daga zuhudu har iyakar ransa. Wato laifin ba na mace kaɗai ba ne, har da mai taimako.

Koyarwa Da Aiki

Sai dai faɗa da cikawa ba ɗaya ba ne. A Siri Lanka doka ta hana zubar da ciki sai don ceton ran uwa. Tailan kuwa a 2021 ta yarda da shi har mako 12. A Jafan, iyayen da suka yi ɓari ko suka zubar sukan je haikali su yi wa tayin addu'a, suna kiransa ɗan ruwa. Tun 1978, da aka haifi Louise Brown a Ingila ta hanyar haɗa ƙwai a ɗakin gwaji, malamansu suka rabu: ƙwan da bai shiga mahaifa ba, mutum ne ko ba mutum ba?

Mu Fa?

Maƙwabtanmu Musulmi suna da hadisin da ya nuna ana hura rai bayan kwana 120, amma mazhabar Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ta tsananta hani tun farkon shigar ciki. Mu Kirista ba mu yarda da komowa duniya ba, gama Ibraniyawa 9:27 ta koya mana mutuwa sau ɗaya ce. Darajar tayi a wurinmu daga Mahaliccinsa take. Ku karanta Zabura 139, da Irmiya 1:5, da Luka 1:41, inda Yahaya ya motsa a cikin Alisabatu. Dokar Final Kod ta Arewa ma ta hana zubar da ciki sai don ceton uwa.

Hanyoyi uku ke nan, tushensu dabam dabam, amma babu wadda ta ɗauki tayi abin wasa.

Abin Koyi

Na koyar da wata yarinya mai ƙoƙari ƙwarai, wadda tsoron kora da abin kunya suka kai ta wurin mai sayar da magani a ɓoye. Ba ta rubuta jarrabawar ƙarshe ba, an binne ta kafin lokacin. Wanda ya ba ta kuɗin maganin kuwa ya ci gaba da karatunsa, ba wanda ya ce masa uffan. Samari, dokar nan ta mabiya Buda ba ta kunyata mu ba? Iyaye da dattawan ikkilisiya, in mun ce rai biyu ne, to, duka biyun ne a wuyanmu. Yarinyar da ta san za ta sami jinƙai a gida, kamar yadda Ubangiji ya nuna wa macen nan a Yahaya 8, ba za ta nemi hanyar duhu ba.

Tambayoyin Nazari

1. Kawo abu 3 da mabiya Buda suka ce sai da su ciki ke shiga.
2. Ina Littafi Mai Tsarki ya bambanta da su?
3. In abokiyar karatunki ta gaya miki tana da juna biyu, wurin wa za ki raka ta?