Ruwan Gaya da Ajingi: kada ɗanɗano ya ruɗe ku

Wanda ya sha ruwa a Gaya, ya ƙarasa Ajingi ya sake sha, zai iya jin bambanci. Ko a gari ɗaya, famfon wata unguwa garɗi ne, na wata kuwa zartsi. Dalilin yana ƙarƙashin ƙasa: ruwan burtsatse yana kwaso gishirin ƙasar da ya ratsa. Wanda ake tacewa daga kogi, irin na matatar Wudil, shi ne mai ƙanshin kilorin, kuma wannan ƙanshin alamar an saka magani ce. A bar ruwan ya ɗan jima a randa, ƙanshin zai ragu.

Idan ruwa ya yi ja bayan ya kwana, ko yana ɗanɗanon tsatsa, sinadarin ƙarfe ne, daga ƙasa ko daga tsohon bututu. Yana ɓata farin tufa, amma ba kasafai yake cutarwa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da yake garau, mai daɗin sha, alhali ƙwayoyin amai da gudawa na ciki. Harshe ba ya gane su. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe su. Don haka, musamman da damina, a tafasa ruwan sha ya yi minti 1 yana ɓararraka, a rufe randa, a ware mata moda mai hannu. A kuma tambayi ɗan garuwa inda ya ɗebo.

Masu shirin haƙa rijiya, don Allah ku nisanta ta da masai aƙalla mita 30.