Darasi na 14: Doro a Bayan Yaro

Ƙashin bayan mutum ba sanda guda ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne a jere, ɗaya bisa ɗaya, kamar an ɗora tubali. Tsakanin shekara 12 da 16 girma yakan zo wa yaro da sauri. A wani yaron, gaban waɗansu ƙasusuwan nan ba ya girma daidai da bayansu. Sai su tsuke ta gaba kamar bakin gatari, baya ya lanƙwashe, doro ya fito. Wani likitan ƙasar Danmak, Shoyaman, shi ya bayyana ciwon nan a 1920.

Sau da yawa mukan ji uba yana daka tsawa, "Kai, miƙe bayanka!" To, wani yaron ba ya iyawa. Ba lalaci ba ne, ba kuwa sammu ba.

Ga yadda za mu gane. Mu sa yaron ya tuɓe riga, ya tsaya sosai. In bayan ya miƙe, sabo ne kurum. In ya ƙi, mu sa shi ya sunkuya kamar zai taɓa yatsun ƙafarsa, mu duba ta gefe. In doron ya ƙara fitowa, sai asibiti. 'Yan mata ma a duba su, gama zane yana ɓoye abu.

Likita zai ɗauki hoton ƙashin, ya auna lanƙwasar. In kaɗan ce, sai ya koya wa yaron motsa jiki, ya ce a riƙa kawo shi. In ta yi yawa, akwai wata riga mai tauri da ake sa masa kusan dare da rana. Amma fa tana aiki ne muddin yana cikin girma. In ƙashi ya ƙosa, lokacinta ya wuce. Kaɗan ne ake yi wa aiki, a babban asibiti irin na Ƙashi da ke Dala a Kano. Wannan ba karaya ba ce, saboda haka ba aikin mai ɗori ba ne.

Akwai wani doron kuma mai tsini, mai zuwa da zazzaɓi, da gumin dare, da rama. Wannan yakan zama tarin fuka ne ya kama ƙashi. Yana da magani, na watanni. In an yi jinkiri yana iya shanye ƙafafu. Kada a kwana, a tafi asibiti.

A rubuta: doro, ƙashi, girma, likita.