Kajin Gida Ma Suna Shan Ruwa A Nipul, Amma Kada A Koya Musu Da Ƙishirwa

Tun da bokitin ruwa mai nipul ya yawaita a shagunan kayan kiwo, ƙorafi iri ɗaya nake ta ji. Mutum ya saya, ya rataya, kwana biyu kajin ko kallonsa ba su yi ba, sai ya yanke hukunci: "Ai wannan na kajin gidan gona ne, kajin Hausa ba sa ganewa." Maganar nan ta ishe ni. Kazar da ke tsince ƙwayar gero a cikin yashi, ta cafke fara tana shirin tashi, ita ce za ta kasa sarar ɗan ƙarfe? Kaza duk abin da ta gani yana ƙyalli sai ta kai masa sara, kuma a kan wannan ɗabi'a aka ƙera abin: jar roba mai jan ido, da ɗan tsinken ƙarfe da ke sakin ɗigon ruwa idan an taɓa. A manyan gonaki, ɗan tsakon kwana ɗaya ma da shi yake fara shan ruwa.

Dalilin ƙin shan ba ya da wuyar ganewa. Kaskonsu na nan inda suka saba, ga gindin famfo, ga ruwan wanke-wanke na bin kwata. Me zai kai su wahala?

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shawarar da ke yawo a Facebook da WhatsApp, wai a kwashe duk ruwa, a kulle kajin, ƙishirwa za ta koya musu. Cire kaskon daidai ne, amma da yawa daga bidiyon da ake kwaikwayo a Amurka da Ingila aka ɗauke su, inda a wurare da yawa ko da rana tsaka mutum kan sa rigar sanyi. Mu kuwa a Maris da Afrilu da Mayu, zafi a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Maraɗi yakan haura digiri 40. Zafin jikin kaza kansa wajen digiri 41 ne, kuma ba ta gumi. Haki take yi ta buɗe fukafukai, kuma hakin nan ruwan jikinta yake ci. Kaza mai ƙwai kan sha kimanin kwatan lita a rana idan gari da sanyi-sanyi, a bazara kuwa tana iya ninka haka. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ke cikin ƙwai ruwa ne. Hana ta ruwa wuni guda cur, ko ba ta mutu ba ƙwai zai ja baya, kuma a ɗauki makonni kafin ya daidaita. Kajin nama masu ƙiba su ne farkon faɗuwa. Na sake faɗa: kada a kulle kaji a akurki mai rufin kwano da tsakar bazara, a tafi kasuwa ko ofis, da sunan ana koya musu. Wanda ba zai iya zama a gida ya sa ido ba, ya bari sai ranar da yake da hali. Wanda zai iya jira har damina ko lokacin sanyi, ya jira.

Ga yadda ake yi. Da daddare bayan sun hau kwana, a ɗauke kaskon. Kaji da ƙishirwa suke tashi, to da asuba ake fara darasi, suna tsare a wuri ɗaya. Ka tsuguna ka riƙa taɓa tsinken da yatsa har ɗigo ya maƙale a bakinsa yana sheƙi. Sannan ka kamo kazar da ta fi rawar kai, wadda kullum ke riga kowa zuwa wurin tsaba, ka goga bakinta a tsinken a hankali. Za ka ga ta ɗaga kai, maƙogwaro na motsi. Sake ta, ka kamo wata. Ba sai an bi kowace ɗaya ba, domin kaji 'yan kwaikwayo ne, biyu ko uku suka gane saura za su bi. Idan hantsi ya yi ba su kama ba, a mayar da kaskon su sha, gobe a sake. Yawanci cikin kwana ɗaya zuwa uku an gama. Ka ja layi a jikin bokitin ka ga ko ruwan na raguwa, ka kuma shafa jakar abincin da ke gindin wuyansu: mai laushi alamar an sha, mai tauri alamar abinci ne kawai.

Sau da yawa ma laifin na bokitin ne, kuma masu sayarwa ba sa yi wa kowa bayani, kuɗinsu kawai suke karɓa. An rufe murfi gam ba a huda ɗan ramin iska ba, ruwa ya daina sauka, kaza ta yi ta sara a banza har ta haƙura. An huda gindin da ƙusa mai zafi, ramin ya yi faɗi, yana yoyo shimfiɗa ta jiƙe, alhali gudun damshin da ke kawo kashin jini aka sayo abin. Ko an rataye shi ƙasa-ƙasa, ruwan na zuba ta gefen baki. Irin na gindin bokiti, a rataye shi yadda kaza za ta ɗan miƙa wuya sama ƙafafunta na ƙasa, ba ɗage ba. 'Yan tsaki a saita musu daidai ido, a riƙa ɗagawa suna girma. A gonaki ana lissafin kaji goma zuwa sha biyu ga nipul ɗaya, amma a gida, da zafinmu da zakara mai kore na ƙasa da shi, ni biyar nake ba da shawara. Bokiti kuma ya zauna a inuwa, a naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, domin kaza ba ta son ruwan ɗumi. Ruwan rijiya a tace shi da ƙyalle, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe nipul ko ta sa shi yoyo. Haka garin bitamin da gulukos da ake zubawa ba ƙaƙƙautawa, kwantawa suke yi su yi yauƙi, don haka a wanke bayan kowane magani.

Ranar rigakafin Lasota ko Gumboro, idan kajin ba su goge da nipul ba, a ba su a buɗaɗɗen mazubi da ruwan da babu kulorin, su shanye cikin awa biyu. Masu agwagi kuwa su bar musu kwatarniyarsu, domin agwagwa sai ta tsoma kai cikin ruwa take wanke hanci da ido.