Yadda Kasuwar Maƙeran Bodin Rolls-Royce Ta Durƙushe

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, inji da shasi kawai kamfanin Rolls-Royce na Ingila yake sayarwa. Mai saye shi zai kai wa maƙera irin su Hooper su ɗora masa bodi yadda yake so, kamar dai bodin katakon manyan motocinmu.

A 1946 kamfanin ya fito da motarsa Bentley Mark VI da bodinta na ƙarfe tun daga masana'anta. Daga nan cinikin maƙeran ya ja baya. Sarakuna da shugabanni ba su daina saye ba, amma su nawa ne? Phantom IV guda 18 kacal aka ƙera daga 1950 zuwa 1956. A 1959 Hooper ya bar sana'ar, Rolls-Royce kuma ya saye kamfanin H.J. Mulliner.